Ciniki na ƙaruwa, kanta na raguwa: ina jarina yake tafiya?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan masarufi a wata unguwa a Zariya, shekara tara ke nan. Da shi na yi aure, da shi nake riƙe iyalina da mahaifiyata. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kuɗin da nake ƙirgawa da daddare ya fi na da yawa, amma kayan shagon kullum raguwa suke yi. Kantar da a da babu masaka tsinke a kanta, yanzu rabinta fayau. Ban sayi mota ba, ban ƙara aure ba, ba na almubazzaranci. Mutanen unguwa na cewa na cika tsada, littafin bashi kuma ya cika. A rediyo ina jin ana cewa tattalin arziki yana farfaɗowa. To ina kuɗina yake tafiya? Sakacina ne ko halin ƙasa ne? In nemi rancen banki, in canza sana'a, ko in rufe?"

Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa nema albarka. Idan na fahimce ka, Malam, abu uku kake son sani: yadda aka yi kuɗi ya ƙaru a hannunka kaya kuma suka ragu, ko laifin daga gare ka ne, sannan wace hanya za ka bi daga nan. Ni akanta ne, kuma yawancin aikina zama ne da ƙananan 'yan kasuwa muna duba littafin ciniki. Wannan koken naka na ji shi daga masu kanti, teloli, masu gidan burodi da masu kiwon kaji, kusan da baki ɗaya. Ga amsar a dunƙule kafin in warware ta. In dai babu wata ɓaraka da ban gani ba, jarinka ya zurare ne tsakanin farashin da ka sayar da kaya da farashin da ka tarar ranar da ka koma sari. Halin ƙasa ne ya buɗe wannan ratar. Amma yadda kake sa farashi, da yadda kake ba da bashi, da yadda kake ɗibar kuɗin cefane, su ne za su nuna ko rabin shagon za ta ci ko ɗan gefe kawai.

Daga rijiyar mai zuwa kantarka

Mafi yawan dalar da Najeriya ke samu daga ɗanyen mai take fitowa, alhali abubuwa da yawa da muke ci da dala ake shigo da su. Kusan duk alkamar da ake yin fulawa, taliya, burodi da biskit da ita daga waje take zuwa. Haka ɗanyen sukarin da ake tacewa a Legas, haka garin madara, haka sinadaran sabulu da magunguna masu yawa. Bayan an sarrafa su, tirela ce za ta ɗauko su tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin su sauka a kasuwar Singa a Kano, daga nan kuma wata motar ta kawo maka su Zariya. Saboda haka duk ranar da dala ta yi wuya ko mai ya tashi, rabin kayan kantarka sun riga sun yi tsada tun ba su baro kamfani ba.

A tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai ta haura dala 100. Zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30, ga kuma fasa bututu a yankin Neja Delta. A shekarar 2016 tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi 1.6 cikin ɗari, litar fetur ta tashi daga naira 86.50 zuwa 145 a watan Mayu, a farkon 2017 kuma dala ta haura naira 500 a hannun 'yan canji. Ba a gama murmurewa ba aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sai korona ta zo a 2020 da kullenta, tattalin arziki ya sake karyewa. A farkon 2023 canjin takardun kuɗi ya sa tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwa, mutane suna sayen kuɗinsu da kuɗi a wajen masu POS. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, daga baya ta haura 1,000 a Oktoban 2024. A tsakiyar Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta wuce 1,500 a cikin 2024. Ka duba lissafin, Malam: kai da ka buɗe shago shekara tara da suka wuce, kusan ba ka taɓa yin kasuwa a shekarar da ta zauna lafiya ba.

Batun rediyo kuwa, ba ƙarya suke yi ba, abin da suke aunawa ne daban. Idan an ce tattalin arziki ya ƙaru, ana nufin jimillar abin da ƙasa ta samar, daga rijiyar mai har bankuna da kamfanonin waya. A 2023 da 2024 wannan jimillar ta ƙaru da wajen kashi 3 cikin ɗari a shekara. Amma yawan jama'a ma yana ƙaruwa da fiye da kashi 2, kuma kaso mai tsoka na ƙaruwar a harkar banki da sadarwa ya faɗa, ba a albashin malamin firamaren da ke sayen sukari a wajenka ba. Haka idan an ce hauhawar farashi ta ragu, ma'anarsa kaya suna ci gaba da tashi amma ba da gudun da ba. Abin da ya hau yana nan inda ya hau.

Aljihun masu sayen kayanka

A 2019 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000. A canjin kasuwa na lokacin, wajen naira 360 kowace dala, ya kai kimanin dala 80. A Yulin 2024 aka ɗaga shi zuwa 70,000, wanda a canjin lokacin bai kai dala 50 ba. An ninka albashin fiye da sau biyu, amma abin da zai iya saye ya ragu. Su kuma masu aikin hannu da 'yan ga-ruwa da direbobin adaidaita sahu, babu wanda ya zauna ya ƙara musu komai. Ƙididdigar hukuma ta 2019 ta nuna fiye da rabin abin da magidanta ke kashewa a Najeriya a abinci yake tafiya, tun kafin wannan tsadar ke nan. A tsakiyar 2024 tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara. Gidan da dama rabin kuɗinsa na tukunya ne, in abinci ya tashi haka, babu inda zai rage sai cikin tukunyar da sauran buƙatu.

Kai ka fi ni ganin yadda wannan ragewar take tafiya, don a gabanka ake yin ta. Mai sayen gwangwanin madara ya koma 'yar leda, daga baya ya daina. Mai ɗaukar katan na taliya a ƙarshen wata ya koma leda biyu. Na taɓa wuni a shagon wani da nake duba wa lissafi, ina kallon masu shigowa. Yarinya ta zo da kuɗi a dunƙule a hannu, aka ce ta sayo man gyaɗa, dunƙulen miya da gishiri. Mai shagon ya tsiyaya mata man a leda, bai kai rabin ludayi ba, ya ba ta dunƙule biyu, kuɗin ya ƙare. Ta tsaya tana kallon gishirin, shi kuma ya ɗebi kaɗan ya ƙulla mata. Wannan ɗan gishirin ba ya shiga littafin kowa, amma a rana ana yin irinsa sau da yawa.

Daga tukunya abin yake wucewa sauran rayuwa. A 2024 an ga gidaje a Arewa suna dafa afafata, tsakin shinkafar da masu casa kan ware, wanda a da abincin kifi ne. Nama ya zama na ranar Juma'a, ko ya koma awara. Mai hawan jini ya koma shan maganinsa yau ya tsallake gobe. An cire yara daga makarantar kuɗi, an jingine mota an hau babur, an rage zuwa biki da gaisuwar 'yan'uwa na nesa saboda kuɗin mota. Kuma ragewar mutum ɗaya asarar wani ce. Ma'aikaci ya fasa ɗinkin Sallah, tela ya rage sayen nama, mahauci ya rage sayen sukari a wajenka, kai ma ka sallami yaro ɗaya daga shago. Waɗanda abin ya fi ba ni tausayi su ne mata masu sana'ar cikin gida, masu ƙosai da ƙuli-ƙuli da ɗanwake. Jarinsu ɗan kaɗan ne, kuma ranar da maigida ya fita bai samo ba, jarin ne ake dafawa. A Fabrairun 2024 mata masu gurasa a Kano sun fito kan titi saboda tsadar fulawa, kuma duk wanda ya san irin haƙurin waɗannan matan ya san tura ce ta kai bango.

Inda jarin yake zurarewa

A nan nake so ka natsu, don nan ne amsar tambayarka ta farko. Mu ƙaddara ka saro katan 20 na taliya, kowanne naira 10,000, jimilla 200,000. Ka sayar da kowanne 10,800. Ka ƙirga kuɗi ka ga 216,000, ka ce alhamdulillahi an ci ribar 16,000, ka kai ta gida aka yi cefane. Ka koma wajen dila da uwar kuɗinka 200,000, sai ya ce maka katan yanzu 11,500 ne. Katan 17 za ka ɗauko. Babu wanda ya cuce ka, littafinka ma ya nuna riba, amma katan uku sun fita daga shagon ba za su dawo ba. Ko da ba ka taɓa ribar ba, 216,000 ɗin katan 18 kawai za ta saya. Idan irin wannan tashin ya maimaitu sau biyar kana sayarwa a kan tsohon farashi, kana kuma kai ribar gida, rabin taliyarka ta tafi. Kuɗin da kake ƙirgawa da daddare kuwa zai yi ta ƙaruwa, tunda kowane katan ya fi na jiya tsada.

Yanzu ka auna wannan da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A Disambar 2023 hauhawar farashi ta kai kashi 28.9 cikin ɗari, a Disambar 2024 ta kai 34.8. Idan ka haɗa shekarun biyu, kayan da naira miliyan ɗaya ke saye a ƙarshen 2022, a matsakaicin lissafi sai an biya kusan miliyan ɗaya da dubu 740 a ƙarshen 2024. Ɗan kasuwar da ya riƙe jarinsa cif a miliyan ɗaya cikin waɗannan shekarun, yana ganin bai yi asarar ko kwabo ba, ya rasa fiye da kashi 40 cikin ɗari na kayansa. Ka ce rabin kantarka fayau take. Lissafin ya yi kusa da abin da idonka yake gani.

Gyara na farko shi ne ka daina auna jarinka da naira, ka auna shi da kaya. Duk ƙarshen wata ka ƙirga abin da ke shagon, ka yi masa kuɗi a kan farashin sari na ranar, ka haɗa da tsabar kuɗin da ke hannu, ka cire abin da dila ke bin ka. Sai ka tambayi kanka: wannan jimillar buhu nawa na sukari za ta saya yau, ko katan nawa na taliya, ko jarka nawa ta mai? Ka rubuta. Wata mai zuwa ka sake. Idan adadin buhunan yana sauka, jari kake ci, komai yawan kuɗin. Wannan ba baƙon lissafi ba ne a wajenmu. Ɗan kasuwar da ke fitar da zakka yana yi wa hajarsa kuɗi duk shekara a kan farashin lokacin. Abin da nake cewa kawai, a lokacin tsada shekara ta yi nisa.

Gyara na biyu, farashinka ya tashi daga abin da za ka biya ka mayar da kayan, ba daga abin da ka biya da ka saro su ba. Kafin ka buɗe shago ranar Litinin ka kira dila, ko ka duba farashin da suke turawa ta WhatsApp, ka gyara naka. Na san abin da za a ce maka: ai tsohon kaya ne, don me ka ƙara? Na kuma san 'yan kasuwa masu tsoron Allah da wannan maganar take hana su barci. Hukuncin shari'a na malamai ne, ka tambaye su. Ta fuskar lissafi dai, wanda ya sayar a ƙasa da kuɗin mayarwa kyauta yake yi da jarinsa bai sani ba, kuma ranar da shagon ya mutu, unguwar ce za ta rasa mai ba ta bashi. Abin da nake ganin zalunci ne shi ne mutum ya kulle kaya a sito don ya haddasa ƙaranci, ko ya ƙara kuɗi don jin jita-jita, ko farashin sari ya sauko shi ya ƙi saukowa. In ka hau da kasuwa, ka sauko da ita a ranar da ta sauko, ko da tsohon kayanka na tsada ne.

Sai batun juyi. A lokacin tsada, saurin fitar kaya ya fi girman riba amfani. Katan ɗin da ke fita duk mako da ribar naira 300 zai ba ka wajen 3,600 a wata uku. Kayan da ke da ribar 2,000 amma ya kwana wata uku a kanta, 2,000 ɗin ke nan, kuma kafin ya fita kuɗin mayar da shi ya tashi. Ka duba kantarka, za ka tarar da abubuwan da ƙura ta rufe, turare ko man shafawa ko wani biskit mai tsada da masu sayensa suka daina zuwa. Ka karyar da su ka zuba kuɗin a abin da ake tambaya kullum. Na ga masu shago suna jera kwalayen da babu komai a ciki a saman kanta don kada a ce sun karye. Na fahimci dalilin, mutunci ne, amma kada kunyar ido ta sa ka sayi kayan ado da kuɗin sukari. Idan kana ƙulla sukari ko mai, ka auna buhu ɗaya da kanka ka ga kwano nawa yake fitarwa da gaske, ka sa kuɗin leda da gyaran da kake yi wa mutane. Idan kana da firiza, ka ware mako guda ka rubuta man da janareto ya sha da ribar ruwan sanyi da lemo. Tun da fetur ya yi tsada, shaguna da yawa firizar ce ke cin ribar sauran kaya.

Littafin bashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a gari irin Zariya mai yawan ma'aikata da 'yan fansho, shagon unguwa ba zai rayu ba tare da shi ba. Ba zan ce maka ka daina ba. Wanda ya ce ka daina bai taɓa tsayawa a bayan kanta maƙwabcinsa da suke sahu ɗaya a masallaci ya zo da yamma ya ce yara ba su ci ba. Amma ka san abin da bashi ke yi maka a irin wannan lokaci. Idan ka ba da kayan naira 50,000 aka biya ka bayan shekara, a shekarar da farashi ya tashi da kashi 35 cikin ɗari, kuɗin da ya dawo kashi uku cikin huɗu na kayan kawai zai saya. Kai kuma ba za ka ce a ƙara maka komai a kai ba, don ka san matsayin wannan. Wato kowane wata da bashin ya ƙara a waje, kai ne kake biyan kuɗin jiran. A da dila ma yakan ɗaga maka ƙafa mako biyu ko uku. Yanzu shi ma yana tsoron abin da kake tsoro, yawanci sai ya ga alat kafin a ɗora kaya a mota.

Abin da na ga yana aiki shi ne a yi wa bashi iyaka ta fuska uku. Jimillar abin da ke waje kada ta wuce wani kaso da ka yanke na jarinka. Ni nakan ce kashi ɗaya cikin goma ga shago irin naka. Kowane mutum yana da iyakarsa, kuma ba a buɗe sabon shafi sai an rufe tsohon. Sannan bashi na abinci ne, ba na katin waya da lemon kwalba ba. Tsofaffin basussukan kuma ka zauna ka raba su. Akwai masu hali da suka mayar da kai bankinsu, waɗannan ka bi su da fara'a amma ba fashi, ko dubu ɗaya-ɗaya ce duk mako. Akwai waɗanda kai ma ka san ba su da shi, gwauruwa mai marayu ko tsohon da fanshonsa ya maƙale. Waɗannan ka yanke abin da za ka iya yafewa, ka yafe shi da niyyar sadaka, ka cire shi daga littafin. Barin sa a rubuce yana sa ka riƙa ƙirga jarin da babu shi, yana kuma sa su riƙa canza hanya in sun hango ka, su kai ɗan tsabar kuɗinsu wani shagon.

Akwai kuma mai cin bashin da ba ya cikin littafin, wato gidanka. Ka ce ba ka almubazzaranci, na kuma yarda. Sai dai cefanen da kake yi yau, ko da bai fi na shekara uku da suka wuce yawa ba, kuɗinsa ya ninka. Ga mudun shinkafa da sabulu da madarar da ake aikowa a ɗauka daga kanta, ga maganin Hajiya, ga ɗan'uwan da ya zo da takardar asibiti. Duk hakki ne, babu na banza a ciki. Amma in ba a rubuta ba, ba za ka san ranar da suka wuce riba suka shiga uwar kuɗi ba. Ka yanka wa kanka albashi na mako, duk abin da gida zai ɗauka daga shago a saye shi daga cikin wannan albashin kamar kowane mai saye. Ina kuma ba ka shawara ka zaunar da uwargida ka nuna mata lissafin yadda yake. Maza da yawa suna ɓoye wannan don kada a ga gazawarsu, alhali matar da ta san gaskiyar hali ta fi kowa iya tattala tukunya.

Rance, canza sana'a, ko rufewa

Rancen banki ba na ba ka shawararsa yanzu. Don yaƙi da hauhawar farashi, Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari a cikin 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ɗora wa ƙaramin ɗan kasuwa. Ƙananan bankuna wata-wata suke lissafi, in ka tara na shekara ya zarce na manyan. Manhajojin bashi na waya kuwa ka nisance su, don bayan tsada akwai tozarci. Bankunan da ba sa harkar ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da tsarin murabaha, su sayi kaya su sayar maka da ribar da aka sani tun farko. Wannan ya kawar da damuwar riba ta haram ga mai gudunta, amma kuɗi ne da sai shagon ya haifar da shi. Ribar kayan masarufi siririya ce, kuma kuɗin da aka zuba a shagon da bai gyara farashi da bashi ba, hanyar da na farko ya bi zai bi, ya bar ka da mai bin ka. In ka toshe waɗannan, rancen da ya fi dacewa da kai shi ne amanar dila, kayan mako guda ka sayar ka biya. Kada ka jinginar da gida ko gona saboda shago.

Canza sana'a ma a yi hattara. Kowa inda ya ji ana samu yake rugawa, POS ko adaidaita ko ajiye hatsi, har ribar ta raba kanta ta ƙare. Waɗanda suka sayi masara da shinkafa da kakar 2024 suka ajiye suna jiran tashin da suka saba gani, da yawa sun yi kuka a 2025, don farashin hatsi ya sauko ƙasa da yadda suka saya, bayan gwamnati ta sassauta harajin shigo da wasu kayan abinci. Wannan darasi ne gare ka kai ma: sari da yawa yana kare mutum lokacin da kaya ke tashi, yana kuma karya shi lokacin da suka juyo. Ka riƙa sarin abin da zai fita cikin mako biyu. Sana'arka kuwa tana cikin masu juriya, don ana iya fasa sayen gado da leshi, ba a fasa sayen gishiri. Shekara tara na sanin dila da sanin masu saye jari ne da ba za ka tafi da shi sabuwar sana'a ba. In kuɗin mota ne ya dame ka, ku haɗu ku uku ko huɗu masu shago ku yi sari tare a mota ɗaya.

Ban ga littafinka ba, don haka akwai abin da kai kaɗai za ka bincika: hannun yaron shago, kayan da wa'adinsu ya ƙare, ɓarnar ɓera, da kuɗin tiransifa da ke shiga asusunka su cakuɗe da na gida. Kuma babu lissafin da zai mayar wa maƙwabtanka ƙarfin aljihunsu. Wannan yana wuyan masu mulki, su samar da wuta, su tsare manomi a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari ya shiga gonarsa, su rage masu karɓar haraji a kan hanya da cikin kasuwa.

Game da rufewa, ka ba kanka wata uku kana yin ƙirgar ƙarshen wata, da sabon tsarin farashi da na bashi da albashin kanka. Idan adadin buhunan ya tsaya ko ya fara hawa, ci gaba. Idan yana ta sauka duk da haka, to shagon ya fi ƙarfin cinikin unguwar, sai a rage shi. Ka nemi ɗan shago mai sauƙin haya ko ka raba wannan da wani mai sana'a, ka sayar da firiza da janareto in ba sa biyan kansu, ka tsaya a kan kaya 20 ko 30 da suka fi fita. Idan har rufewar ce ta zama dole, ka yi ta tun kana da kayan da za ka mayar kuɗi kuma dila ba ya bin ka komai, don da wannan sunan ne zai sake ba ka kaya ranar da ka dawo.